Baƙo Ba Raɓa Ba Ne: Darasi Daga Baƙin Ma'aikata A Ƙasar Jamus

 Abin da na ke so mu yi nazari a kansa shi ne zancen mutumin da ya bar garinsu ya tafi wata ƙasa neman aiki, da yadda za a taimake shi ya zauna da mutanen wurin har ya zama ɗaya daga cikinsu. Wani zai ce wannan magana ta gwamnati ce da masu kamfani, ina ruwan malamin makaranta? To, ni a ganina da ruwansa ƙwarai, gama duk inda lebura ya sauka, ba a daɗewa sai ka ga ɗansa a bakin ƙofar aji. Domin kada maganar ta tsaya a fatar baka, na zaɓi ƙasa ɗaya wadda ta sha fama da wannan al'amari shekara da shekaru, ta yi kuskure, ta biya, daga baya kuma ta gyara waɗansu abubuwa. Ƙasar nan ita ce Jamus. Gani ga wane, in ji masu magana, ya ishi wane tsoron Allah.

1. Yadda aka kira su

Yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, ya bar biranen Jamus a rushe, samarinta kuwa da yawa sun mutu. A 1949 ƙasar ta rabu biyu, ta Gabas da ta Yamma. Cikin 'yan shekaru kaɗan Jamus ta Yamma ta farfaɗo, masana'antu suka yi ta bunƙasa, har aiki ya fi ƙarfin hannuwan da ke akwai. Sai gwamnati ta shiga ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da ke da mutane birjik ba aikin yi. Ta fara da Italiya a 1955, sa'an nan Sifen da Girka a 1960, Turkiyya a 1961, Maroko a 1963, Fotugal a 1964, Tunisiya a 1965, da Yugoslabiya a 1968. A 1961 ɗin nan kuma aka gina katangar birnin Balin, wadda ta toshe hanyar Jamusawan da ke gudowa daga Gabas, buƙatar baƙi ta ƙara tsananta.

Bari mu ɗauki Turkiyya misali, da ya ke mutanenta ne suka fi yawa daga baya. Wanda ya ke so ya tafi sai ya rubuta sunansa a ofishin ƙwadago na garinsu, ya jira. In layi ya zo kansa a kira shi Santambul, inda Jamusawa suka buɗe ofishi. Can likitoci za su duba shi tun daga haƙora har ƙafafu, su ɗauki hoton ƙirjinsa, su auna jininsa. Wanda aka samu da aibi a jiki a mai da shi gida. Wanda ya tsallake a ba shi takardar aiki, a sa shi a jirgin ƙasa, ya yi fiye da kwana biyu a zaune kafin ya isa birnin Munik. Daga nan a ke rarraba su zuwa ramukan haƙar kwal, da masana'antun ƙarfe da na mota, da wuraren gini. Mata ma sun je da yawa, musamman masana'antun saƙa da na kayan lantarki. Ku lura da abin da aka auna: ƙirji, da ido, da ƙarfin hannu. Jin Jamusanci ba ya cikin sharuɗɗan ko kaɗan.

A watan Satumba na 1964, a wata tashar jirgin ƙasa ta birnin Kolon, aka yi bikin karɓar ma'aikaci na cikon miliyan ɗaya. Wani kafinta ne daga Fotugal, sunansa Armando Rodrigues de Sá. Aka ba shi furanni da ƙaramin babur, aka ɗauki hotonsa, jaridu suka buga. Bayan 'yan shekaru ya koma gida, ya rasu a can a 1979. Shi dai ya yi abin da masu gida suka zata kowa zai yi, watau ya zo, ya yi aiki, ya koma.

Sunan da suka laƙaba wa mutanen nan ma ya nuna haka. Suna ce musu Gastarbeiter, watau baƙin ma'aikata. Mu ma mu kan ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi. A yarjejeniyar da aka yi da Turkiyya har an rubuta cewa mutum ba zai wuce shekara 2 ba, sai ya koma a kawo wani. Su kansu ma'aikatan abin da ke ransu ke nan: a tara kuɗi a koma gida a sayi gona, ko mota, ko a buɗe kanti. Saboda haka aka zuba su a gidajen kwana na kamfani, mutum huɗu ko shida a ɗaki, a kan gadaje masu hawa. In shugaban aiki zai yi magana sai a kira tafinta, ko a nuna da hannu. Akwai 'yan azuzuwan dare nan da can, na ƙungiyoyin taimako da waɗansu kamfanoni, amma ba wani babban shiri da ya game kowa. Ina amfanin koya wa mutum harshe, in ji su, tun da gobe zai tafi?

2. Raɓa ta ƙi bushewa

Masu kamfani ne suka fara gane cewa lissafin nan bai fita ba. Mutum ya yi shekara 2, hannunsa ya faɗa da inji, sa'an nan a ce ya tafi a kawo sabo wanda bai san kome ba: wannan hasara ce. Suka matsa wa gwamnati, a 1964 aka cire ƙa'idar shekara 2 ɗin. Mutane suka shiga sabunta takardunsu shekara bayan shekara.

A watan Nuwamba na 1973, sa'ad da tsadar man fetur ta girgiza ƙasashen Turai, gwamnati ta rufe ƙofar ɗaukar sababbin ma'aikata. A lokacin baƙi wajen miliyan 2.6 ke aiki a ƙasar. An zaci rufe ƙofa zai rage yawansu, sai abin ya juya. Baturke ya duba ya ga in ya fita ba zai sake samun shiga ba. Maimakon ya koma wurin iyalinsa, sai ya aika aka kawo masa su. Ma'aikata suka ragu, amma mata da yara suka ƙaru, har yawan baƙi duka ya tashi daga wajen miliyan 4 a 1973 zuwa kusan miliyan 4 da rabi a 1980.

An ƙiyasta cewa tsakanin 1955 da 1973 mutum wajen miliyan 14 ne suka shiga Jamus ta Yamma neman aiki, wajen miliyan 11 suka koma. Watau mafi yawa sun tafi, gaskiya ne. Amma waɗanda suka rage sun ishi ƙasa guda, kuma sun hayayyafa. Yau mutanen da asalinsu Turkiyya ne a Jamus sun kusa miliyan 3. Darasi na fari ke nan, ina kuwa roƙonku ku riƙe shi: duk inda aka kira mutane aiki, waɗansu za su zauna, ko an so ko ba a so ba, ko su kansu sun yi niyya ko ba su yi ba.

3. Abin da jinkiri ya jawo

Nauyin kuskuren nan a kan yara ya fi faɗawa. Waɗansu jihohi, musamman Bavariya, suka ware 'ya'yan baƙi a azuzuwa nasu na dabam, ana koya musu yawancin darussa da harshen iyayensu, malaman ma daga ƙasashen iyayen aka ɗauko su, wai domin kada yaran su sha wuya in sun koma. Suka kuwa ƙi komawa. Yaro ya tashi a Jamus, Jamusancinsa bai kai na neman aikin ofis ba, harshen iyayensa kuma bai kai na shiga jami'a a can gida ba.

Ga kuma wani abu game da tsarin makarantunsu wanda ya kamata mu masu koyon malanta mu fahimta. A yawancin jihohin Jamus, yaro na gama aji 4 na firamare, yana da shekara 10 ke nan, a ke raba hanya. Wata sakandaren tana kai mutum jami'a, wata ta tsaka-tsaki ce, wata kuwa gajeriya ce, daga ita sai ƙananan ayyuka. Shawarar malamin aji tana da nauyi ƙwarai wajen zaɓen hanyar da yaro zai bi. To, yaron da ya shigo aji 1 ba ya jin harshen malaminsa, yaya za a yi ya nuna basirarsa cikin shekara 4? Malami ya ga ba ya amsa tambaya, sai ya ɗauka kansa ne babu kome. Iyaye kuwa ba su san tsarin ba, balle su yi gardama. Ta haka 'ya'yan baƙi da yawa suka tarar da kansu a gajeriyar hanya, waɗansu ma suka fita ba takardar shaida ko ɗaya.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. A 1979 wani dattijo, Heinz Kühn, wanda gwamnati ta naɗa ya lura da sha'anin baƙi, ya rubuta rahoto. Ya ce a yarda cewa mutanen nan sun zo zama ne, a sa 'ya'yansu makarantun ƙananan yara tun kafin firamare, a daina ware su a aji, a kuma sauƙaƙa wa waɗanda aka haifa a ƙasar hanyar zama 'yan ƙasa. Aka karɓi rahoton, mafi yawan shawarwarinsa aka ajiye su gefe. A 1983 ma sai aka yi dokar biyan baƙi su tafi: wanda ya rasa aikinsa saboda an rufe kamfani, in ya yarda ya koma gida da iyalinsa, a ba shi mak 10,500, kuɗin Jamus na lokacin, da ƙarin mak 1,500 a kan kowane yaro. Waɗansu suka karɓa suka tafi, mafi yawa suka zauna.

Ana cikin haka aikin kansa ya sake kama. Aka yi ta rufe ramukan kwal, injuna suka karɓe aikin da dā hannu ke yi a masana'antu. Wa aka fara sallama? Wanda ba ya da takardar sana'a, ba ya kuwa jin harshe sosai da zai koyi wani sabon aiki. Shekaru da yawa rashin aikin yi a cikin baƙi ya kai wajen ninki biyu na Jamusawa. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan allo da alli sai ga shi ana kashe shi wajen ciyad da marasa aiki.

Zaman gefe da gefe ba sanin juna kuma yana da nasa haɗari. A 1993, a garin Solingen, waɗansu samari masu ƙin baƙi suka cinna wa gidan wani iyali na Turkawa wuta, mata da 'yan mata 5 suka mutu. Laifin nan na masu kunna wutar ne, ba na kowa ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai zuga ba ya shan wuyar samun mabiya inda maƙwabta suka yi shekara 30 ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba.

Abin da ya farkad da ƙasar duka shi ne wata jarrabawa da a ke kira PISA, wadda aka yi wa yara masu shekara 15 a ƙasashe 32 a shekarar 2000. Da sakamako ya fito a ƙarshen 2001, Jamus, wadda ke alfahari da makarantunta, ta ga 'ya'yanta sun gaza kai matsakaicin matsayi a karatu, da lissafi, da kimiyya. Aka kuma ga cewa 'ya'yan talakawa da 'ya'yan baƙi su ne can baya, waɗansunsu kuwa a Jamus aka haife su.

4. Duwatsun murhu uku

Gyara ya faro ne daga amsa gaskiya. Dā can, jini ne ke sa mutum ya zama Bajamushe, ko da a ƙasar aka haife shi. Daga shekarar 2000, yaron da aka haifa a Jamus ya kan zama ɗan ƙasa in ɗaya daga cikin iyayensa ya yi shekara 8 yana zaune bisa doka, a 2024 kuma aka rage zuwa shekara 5. A kan wannan harsashi aka kafa abubuwa uku, waɗanda na ke kwatanta su da duwatsun murhu, gama in ɗaya ya kauce tukunya ba ta zama.

Dutse na fari shi ne harshe. A 2005 dokar shigowar baƙi ta fara aiki, ta kafa makarantar koyon zama da jama'a. Baƙo ya kan yi darasi 600 na Jamusanci, kowane na minti 45, har ya kai matsayin da zai biya buƙatarsa da bakinsa: ya yi wa likita bayanin ciwonsa, ya rubuta gajeriyar wasiƙa, ya fahimci abin da a ke faɗa a wurin aiki. Bayan wannan akwai darussan sanin dokokin ƙasa, da tarihinta, da haƙƙin kowa. Da fari darasi 30 ne, a 2016 aka kai su 100. A ƙarshe akwai jarrabawa da takardar shaida. Aka kuma buɗe aji na musamman domin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba ko da harshensu. Ku ƙirga: daga 1955 zuwa 2005 shekara 50 ke nan. Waɗansu da suka zo suna samari sai da suka yi furfura kafin a ba su abin da ya kamata su samu a watan farko.

Dutse na biyu shi ne sana'a mai takarda. Jamusawa suna da wata hanya ta koyon sana'a wadda ta yi suna a duniya. Ɗan koyo ya kan yi kwana 3 ko 4 a mako a wurin aiki, kwana 1 ko 2 a makaranta, tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi, ana biyansa ɗan albashi. In ya gama, ƙungiyar masu sana'ar ce ke yi masa jarrabawa ta ba shi shaida. Sana'o'in da a ke koyo ta wannan hanya sun fi 300. Amfaninta ga ɗan baƙo a fili ya ke, gama yana koyon harshe a bakin aiki, yana sabawa da mutane, maigidansa kuma yana ganin halinsa da idonsa. Amma akwai wata matsala. Mutum ya zo da sana'arsa daga gida, ko nas, ko makaniki, ko injiniya, takardarsa ba ta da daraja a wurinsu, sai ka gan shi yana tuƙa tasi ko yana share ofis. Domin haka a 2012 aka fara aiki da dokar da ta ba kowa ikon kai takardarsa a duba ta, a gwada ta da irin ta ƙasar, a kuwa ba shi amsa cikin wata 3 in takardunsa sun cika. In akwai abin da ya rage masa a gaya masa ya cike. Wanda takardunsa suka salwanta a hanya ana iya sa shi ya yi aikin a gaban gwanaye, hannunsa ya ba da shaida.

Dutse na uku shi ne aikin kansa, da buɗe ƙofarsa ga kowa. Mutum ya koyi harshe, ya sami takarda, in mai ɗaukar aiki ya ga sunansa ya ture takardar gefe, an yi aikin banza. Wannan kuwa yana faruwa. A wani bincike da aka buga a 2014, masu binciken suka aika wa kamfanoni takardun neman gurbin koyon sana'a iri ɗaya sak, sai dai wata da sunan Bajamushe, wata da sunan Baturke. Mai sunan Baturke ya fi shan wuya kafin a kira shi. Tun 2006 akwai dokar da ta hana nuna bambanci saboda asali ko addini, amma doka ba ta shiga zuciyar mutum da sauri. A 2016 kuma aka yi wata ƙa'ida mai hikima domin waɗanda zamansu bai tabbata ba: wanda ya shiga koyon sana'a ba za a kore shi ba har ya gama shekara 3 ɗinsa, in ya sami aiki a ƙara masa 2. Da haka mai kamfani ya sami ƙarfin zuciyar ɗaukarsa.

Akwai wani ƙaramin shiri da na ke so in ambata, gama ba ya cin kuɗi da yawa. A 2004, a unguwar Neukölln ta birnin Balin, aka fara horad da waɗansu mata baƙi, Turkawa da Larabawa, su riƙa shiga gidajen 'yan'uwansu mata suna zantawa da su da harshensu a kan makarantar yara, da lafiya, da tarbiyya. Ana ce musu iyayen unguwa. Ƙofar da ba za ta buɗe wa ma'aikacin gwamnati ba ta kan buɗe wa maƙwabciya.

An gwada duwatsun nan a 2015, sa'ad da masu neman mafaka wajen 890,000 suka shiga Jamus, da yawansu daga Siriya. Su ba aiki aka kira su ba, yaƙi ne ya koro su, amma wannan karon ba a jira shekara 50 ba. Binciken cibiyar nazarin ƙwadago ta gwamnati ya nuna cewa bayan shekara 5 kusan rabinsu suna aiki, bayan shekara 7 kuwa kusan kashi 2 cikin 3. Sai dai mata suna can baya ƙwarai, domin mai goyo ba ta samun zuwa aji in ba a tanadi mai riƙe mata yaro ba. Aikin bai ƙare ba, har yau kuwa ana ta jayayya a kan zancen baƙi a siyasar ƙasar.

5. Malamin aji shi ne mai tsaron ƙofa

Ga labarin wani yaro. An haifi Ugur Shahin a Turkiyya a 1965, aka kawo shi Jamus yana da shekara 4, mahaifinsa yana aiki a masana'antar mota ta Ford a Kolon. Labarin da aka bayar shi ne, da ya gama firamare an so a tura shi gajeriyar hanya, sai wani maƙwabcinsu Bajamushe ya sa baki, aka bar shi ya bi hanyar jami'a. Ya zama likita. A 2008 shi da matarsa Ozlem Tureci, wadda ita ma iyayenta daga Turkiyya suka zo, suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin BioNTech, wanda ya haɗa kai da Pfizer suka fito da allurar rigakafin cutar korona a 2020. Ba kowane ɗan lebura ne zai zama haka ba, ba kuwa dole sai ya zama haka kafin a ba shi haƙƙinsa ba. Abin da na ke so mu tambayi kanmu shi ne, yara nawa ne ba su sami irin maƙwabcin nan ba?

Yanzu sai mu juyo gida, gama mu ma ƙasar masu tafiya neman abinci ce. Unguwar Sabo ta Ibadan da Sabon Gari na Kano shaida ne cewa baƙon jiya shi ne kakan 'yan gari na yau. Ga 'yan cirani da ke sauka garuruwanmu bayan kaka, ga masu gadi, da 'yan acaba, da leburorin gini, da masu haƙar ma'adinai, waɗansu daga wata jiha, waɗansu daga Nijar ko Kamaru ko Cadi. Mu ma muna da yaron da aka haifa a gari, aka haifi ubansa a garin, amma in ya nemi takardar shaidar ɗan asali a ce ya koma inda kakansa ya fito. Ba mu da kuɗin Jamus, amma waɗansu abubuwan ba kuɗi su ke buƙata ba. Ga waɗanda na ga suna hannunmu.

Na ɗaya, mu karɓi yaron. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnatocin Nijeriya su ba kowane yaro ilmin firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Ranar da ya zo mu rubuta sunansa daidai yadda a ke kiransa, mu tambayi harshen da a ke yi a gidansu, da irin karatun da ya taɓa yi. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san mene ne harafi, ya kuma saba da hadda. A kan wannan za mu ɗora.

Na biyu, kada mu auna basira da harshe. Yaro mai shekara 11 wanda ba ya jin Turanci ko harshen gari, kada a jefa shi aji 1 cikin ƙananan yara. A ba shi lissafi a allo, wanda ba ya buƙatar dogon bayani, a ga abin da zai yi. A zaunad da shi kusa da wani mai haƙuri cikin tsararsa, malami kuma ya ware masa ɗan lokaci kowace rana domin harshe. Kada a bar 'yan aji su yi masa dariya saboda karin harshensa, kada kuwa a doke shi domin ya yi maganar gidansu.

Na uku, mu nemi iyaye, kada mu jira su neme mu. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mai gadi da ya kwana a bakin aiki ba zai zo taron iyaye da ƙarfe 10 na safe ba. A je wurinsa a lokacin da ya dace, da wanda zai yi tafinta. A nemi wata dattijuwa mai mutunci cikin mutanensu ta riƙa yi wa mata bayani, musamman a kan karatun 'yan mata.

Na huɗu, ajin manya na yamma. Kada mu fara da dogon nahawu. Mu fara da abin da zai yi wa mutum amfani gobe da safe: sa hannu, da karanta rasit, da awo, da lissafin kuɗin aiki, da fahimtar takardar yarjejeniya kafin ya dangwala yatsa. Ɗan cirani ya kan tafi da ruwan farko, saboda haka a tsara karatun ya ƙare cikin watannin rani. In yaro zai bi iyayensa, a ba shi takarda mai nuna inda ya tsaya, domin malamin can ya ci gaba daga nan.

Na biyar, mu nuna wa masu sana'a hanyar takarda. Birkila ko mai walda da ya yi shekara 10 yana aiki, da yawa ba su san cewa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar sana'a mai mataki 3, tana ba da shaida ba. Malami ne zai gaya musu, ya taya su cika takardun.

Shi ma baƙo da nasa nauyin a kansa. Wajibi ne ya yi ƙoƙarin koyon harshen masu masaukinsa, ya girmama al'adunsu da dokokinsu, ya kuma saki 'ya'yansa maza da mata su je makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma mai gida ne ke fara buɗe ƙofa, a makaranta kuwa mu ne masu gida. Nan da 'yan watanni waɗansunmu za su fita gwajin koyarwa. Ina roƙon kowa, ranar da ya shiga aji ya duba rajista, ya nemi yaron da ke zaune can baya shiru, ya binciki dalilin shirunsa kafin ya yanke masa hukunci. Allah ya ba mu ikon yi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata a 1973 ya ƙara yawan iyalan baƙi a Jamus ta Yamma?
2. Ware 'ya'yan baƙi a aji nasu na dabam yana da wani amfani? In akwai, har tsawon wane lokaci?
3. Cikin duwatsun murhu uku, wanne ne ya fi rauni a garin da ka fito?
4. Tsara darasin mako na fari domin leburori 10 waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba.